Kunkurun Mas Gandung

A gidanmu ba a shan ruwa a gaban Mas Gandung. In ƙishirwa ta kama ka, sai ka zagaya bayan kicin ka sha a tsaye, ka goge baki, ka fito kamar ba ka yi komai ba. Shi ne babban wanmu, shi ya sa muke ce masa Mas, wato yaya. Ƙodarsa duka biyu sun daina aiki, likita kuma ya yanka masa ruwan da zai sha a yini: 'yar gora guda, wadda ni zan iya shanyewa ban sauke numfashi ba. Da ita zai haɗiye magani, da ita zai jiƙa maƙogwaro. Ga zafin garinmu Semarang, wanda tun hantsi yake sauka a kan kwanon rufinmu kamar an kifa mana tukunya.

Litinin da Alhamis ni nake goya shi a babur zuwa wankin ƙoda kafin in wuce ofis. Sauran kwanakin yana zaune a tabarmar falo, ya jingina da bango, fanka na juyawa, waya a hannun dama. Hannun hagu ba ya ɗaukar komai, don nan ake soka masa allurai.

Wasan kati yake yi a wayar. Kowane ɗan wasa yana da asusu inda katunansa suke, daga ciki yake tsintar waɗanda suka dace da juna ya ɗaure dami, da wannan damin yake fita ya kara da wani. Mas Gandung ya fara tara nasa tun yana haya da babur, lokacin wasan bai yi suna ba, shi ya sa yake da tsofaffin katunan da an daina fitar da irinsu. Damin da ya ɗaure ba na cin gasa ba ne. Daga katanga sai garkuwa sai masu warkar da rauni, a tsakiyarsu wani ƙaton kunkuru mai ɗauke da dutse a gadon baya. Yara suna gama wasa kafin shayi ya huce. Shi kuwa wasa ɗaya sai ya ja shi kusan awa, ba ya kai hari, ba ya faɗuwa, har abokin karawa ya gaji ko katunansa su ƙare.

"Wannan ba wasa ba ne, Mas, layin asibiti ne," in ji Tegar, autanmu, in ya leƙa ta kafaɗarsa.

"To ai shi na ƙware a kai," Mas Gandung zai ce, bai ɗago ba.

Ni ba mai yawan magana ba ce, amma ina gani. In yana cikin wasan, harshensa yana daina zagaya leɓɓansa. Ƙafarsa tana daina karkaɗawa. Gorar tana gefensa, sai azahar ta yi, la'asar ta yi, bai kalle ta ba.

Tegar ya gama sakandare, jami'a ba ta samu ba. Sai aka sanar da gasa: a fafata ta waya na wata biyu, waɗanda suka tsallake a kai su Jakarta. Asusunsa kuwa fayau yake, katunan 'yan koyo ne kawai. Ya kawo maganar da safe, Ibu mahaifiyarmu tana naɗe shinkafar sayarwa a ganyen ayaba.

"Aro kawai, Mas. Ka ba ni kalmar sirrin. Kai da rana, ni da yamma."

"Je ka tara naka. Ni ma ba daga sama suka faɗo min ba."

"Kafin in tara an gama gasar, na yi furfura!"

Ibu ba ta daina naɗin ba. "Haba, Le, ɗana, ƙaninka ne fa. Babba shi ke ngalah."

Da wannan kalmar aka yaye mu. Ngalah: ka sakar wa ƙarami, ka ja da baya ko da kai ke da gaskiya. Da ita aka karɓi keken Mas Gandung, da cinyar kaza, da ɗakin da ke da taga. Ya dubi Ibu, ya dubi wayar, sannan ya faɗi kalmar sirrin a hankali.

"Amma kar ka taɓa min kati ko ɗaya."

"Me zan yi da tarkacenka, Mas? Wallahi ba zan taɓa ba."

Abin da ba wanda ya faɗa a ranar shi ne, asusu ƙofa ɗaya gare shi. In wani ya shiga, na ciki waje zai yi. Ranar Alhamis ɗin farko na tsaya sai an haɗa shi da inji kafin in tafi. A gadon da ke kusa akwai Koh Bing, wani dattijo mai sayar da kayan babur, wanda Mas Gandung ya koya wa wasan don awa huɗun injin su riƙa wucewa. Kullum tare suke karawa, kowa da hannu ɗaya.

"Yau sai na fasa bayan kunkurun nan na yi miya da shi," in ji Koh Bing.

"Da waɗanne haƙoran, Koh? Na bakinka ko waɗanda ka bari a kofi?"

Suna cikin dariya, wayar Mas Gandung ta yi fari. Rubutu ya fito: an shiga asusunka daga wani wuri. Ya sake shiga. Ba a jima ba aka sake fitar da shi. Ya kira gida, Tegar ya ɗauka.

"Ina tsakiyar wasa, Mas! Kana shigowa na faɗi, matsayina ya sauka! Ka bari mana!"

"Yanzu ƙarfe tara na safe, Tegar."

"Manyan 'yan wasa da safe suke fitowa. Kai ai kana kwance ne kawai."

Ya kife wayar a ƙirji ya zuba wa silin ido. Na makara a ofis ranar, don na kasa tashi in bar shi.

Daga baya sai niƙa. A wasan, in kana son katin da ba ka da shi, kana iya niƙa waɗanda kake da su su zama gari, da garin ka ƙera sabo. Sai ka niƙa masu kyau da yawa kafin ka sami ɗaya. Abin da aka niƙa kuwa ba ya dawowa. Wata Asabar Mas Gandung ya samu shiga, ya buɗe daminsa, ya tarar da gurabe kamar bakin da aka cire wa haƙora. Masu warkar da rauni duk babu su.

"Tegar!"

Ya fito daga ɗaki da abin sauraro a wuya. "Ba a yayinsu, Mas. Sun mutu tun bara, kai ne ba ka binne su ba. Damin da ake yayi yanzu sai da maharba, garin kuma bai ishe ni ba."

"Ka rantse ba za ka taɓa ba."

"Na ce ba zan taɓa masu amfani ba."

Ibu ta leƙo daga kicin da ludayi. "Ai suna nan a ciki, ko? Kama ce suka canja. In na niƙa shinkafa na yi waina da ita, ɓarna na yi?"

Bapak, mahaifinmu, yana ɗaure takalmi zai tafi gadin da yake yi a tashar jiragen ruwa. "Namiji da gemunsa yana ɗaga murya a kan zane a cikin gilashi. Maƙwabta su ji me? Wasa ne fa."

A bakin ƙofa kuwa, da mai gyaran taya na layinmu ya tambaye shi ina Tegar ya shige kwana biyu, na ji Bapak yana cewa, "Aiki yake, aiki. Yanzu wannan sana'a ce, har Jakarta ake kai mutum." Tsakanin maganar farko da ta biyu ko takalmin bai gama ɗaurewa ba.

Yayin kuma ba ya zama wuri ɗaya. Wannan makon maharba, mako mai zuwa masu wasan su rage wa maharba ƙarfi, kowa ya koma kan 'yan fashin teku. Tegar zai fito idanu ja, yana zagin mutanen da bai taɓa gani ba, ya koma ya niƙa wasu. Katangun suka tafi. Garkuwoyin suka bi. Sannan ya canja kalmar sirrin.

"Don kar ka manta ka shigo ina cikin gasa ne, Mas. Ana gamawa zan mayar maka."

Mas Gandung ya buɗe sabon asusu. Da katunan 'yan koyo ba a gina katanga. Kafin ya gyara zama an cinye shi, ya sake, an cinye shi. Kwana kaɗan ya daina. Na sauke masa wasu wasannin, na kawo masa littattafai daga wurin wata ƙawata, ya ce, "Na gode, Lintang," ya ajiye su a kan talabijin.

Sai ya fara yawo. Daga ƙofar gida zuwa kicin, daga kicin zuwa ƙofar gida. Ya zauna, ya tashi. Ya buɗe firij ya tsaya a gabansa, ya rufe. Ya ɗauki gorar ya ɗaga ta a haske, ya ajiye, ya sake ɗauka. Wadda a da take kai shi isha, yanzu kafin azahar ta ƙare. Ya tsotsi lemun tsami har leɓɓansa suka tsattsage. In mai ƙanƙara ya wuce a layi yana kaɗa ƙararrawa, sai ya bi shi da ido har kwana.

A lokacin ne ya tsiri alwala. Kafin kiran sallah yana bakin famfo. Bayan sallah ya koma. Tsakanin azahar da la'asar sai ya je sau da yawa, ya ce ta karye. Ibu ta yi ta murna.

"Kin gani? Ciwo rahama ne. Da wayar nan ta bar hannunsa ga shi ya koma ga Allah. Da ma ita ce ta shagaltar da shi."

Har maƙwabta ta gaya wa. Ni kuwa igiyar shanya tana kusa da famfon. Wata Lahadi ina shanya kaya na dube shi ta tsakanin zannuwa. Ya wanke hannu. Ya kamfaci ruwa ya kai baki. Na jira ya furzar. Maƙogwaronsa ya motsa. Ya sake kamfata, ya sake motsawa. Sau uku, kamar yadda aka koya mana, sai dai ko ɗigo bai dawo ƙasa ba. Da ya juyo muka haɗa ido, ya ɗora yatsa a baki, ruwa na bin gemunsa.

Ƙafafunsa suka kumbura har silifa suka daina shiga. A asibiti ma'aikaciyar jinya ta ɗora shi a sikeli, ta sauke shi, ta sake ɗora shi.

"Mas Gandung, rijiya ka faɗa? Kai ne fa muke ba sababbi misali da kai!"

Koh Bing bai yi dariya ba. Ya jira ta wuce, ya ce, "Ina kunkurun? Na gaji da cinye yara, ba daɗi."

"Ya je aro, Koh."

"Aron da ba ya dawowa a shagona sunansa daban."

Da yamma na sami Ibu tana yanka tempe, curin waken soya. Na daɗe a tsaye ina murza gefen mayafi kafin maganar ta fito.

"Bu, ruwan alwalar nan sha yake yi."

Ta ajiye wuƙar. "Astagfirullah! Ki ji tsoron Allah, Lintang. Mutum yana ibada ki yi masa ƙazafi? Abin da aka koya muku a jami'ar ke nan?"

"Ki dubi ƙafarsa, Bu. Wasan ne yake mantar da shi ƙishirwa. A mayar masa da asusunsa."

"Ke ma kin shiga? Tegar fa karo na farko ke nan da ya riƙe abu da gaske. Kullum ana ce min ɗanki zaman banza yake. Saura kaɗan. Gandung ya san haƙuri, tun yana ƙarami bai taɓa ba ni wahala ba."

Na je wurin Tegar. Bai cire abin sauraron duka ba, kunne ɗaya ya buɗe min, ya kira ni Mbak kamar yadda ake kiran yaya mace.

"Mbak, in na je Jakarta wa zai amfana? Ba gidan nan ba? Zan saya masa katuna har ya rasa inda zai sa su."

"Irin nasa an daina yi."

"To a saya masa waɗanda suka fi su. Ke ba ki san wasan ba, don Allah ja min ƙofar."

Ana gobe zagayen ƙarshe, yayi ya sake juyawa. Tegar yana bukatar kati ɗaya tak, wani sarkin aljanu da kowa ke sawa, garin kuma bai kai ba. A asusun abu ɗaya ya rage mai nauyin da zai cike. Da bakinsa ya faɗa a wurin cin abincin rana, kamar mai cewa gishiri ya ƙare.

Mas Gandung ya tashi da ƙyar ya bi shi har ƙofar ɗaki. Ya dafa bango, don 'yar tafiyar nan ma sai da ya tsaya ya nemi numfashi.

"Bar min kunkurun."

"Shi kaɗai me zai yi maka, Mas? Kati ɗaya ba ya dami."

"Zan sake ginawa a kansa. Ko shekara nawa ne. Bar min shi."

"In ban sa sarkin ba, karawar farko za a yi waje da ni. Duk wahalar wata biyu ta tashi a banza saboda kunkuru?"

Ibu ta zo ta riƙe hannun Mas Gandung, mai lafiyar, tana shafawa. Muryarta a sanyaye, kuma na san har zuciyarta take faɗa. "Le, ɗan albarka. Ka yi na yau kawai. Babba juji ne. Allah yana ganin wanda ya sakar wa ɗan'uwansa."

"Ni wa zai sakar min, Bu?"

Ta ci gaba da shafa hannun. Daga cikin ɗakin muka ji ƙarar da wasan yake yi in an niƙa kati, wata 'yar ƙara mai daɗi, kamar cokali ya taɓa kofin gilashi.

Ranar gasar aka ɗauke fankar falo aka kai ɗakin Tegar, wai wayarsa tana zafi tana tsayawa. An ce kowa ya yi shiru. Ibu ta haɗa shayi mai ƙanƙara a babban kofi, kuma saboda gaggawa ba ta zagaya ta baya ba, ta ratsa falo da shi, ƙanƙarar tana kaɗawa, ta wuce ta gaban Mas Gandung. Ya tashi ya nufi famfo. Na bi shi na riƙe kan famfon da hannu biyu. Ya dube ni, ban taɓa ganin ido irin wannan ba, ya ɓamɓare yatsuna ɗaya bayan ɗaya.

Wajen la'asar Tegar ya buga ƙofa ya fito. An cire shi. Wani yaro daga Medan ya zo da damin da aka ɗaure musamman don kashe sarkin aljanu.

"Sa'a ce kawai ya yi! Katuna ne suka ƙi fito min!"

Ibu tana lallashinsa, ni kuwa ina kallon Mas Gandung. Ya kasa kwanciya, ya kasa jingina. Ya dafa gwiwoyi ya sunkuya, numfashinsa yana ƙara kamar ana hura ruwa da tsinke. Leɓɓansa sun canja launi. A motar maƙwabcinmu muka kai shi asibiti.

Ruwa ne ya taru masa a huhu. Likitan ya tambaya yadda aka yi wanda ya yi shekaru yana kiyayewa ya koma haka cikin wata biyu.

"Ba ya jin magana, likita," in ji Bapak. "Mun yi faɗan har mun gaji."

"Haƙuri ne ba shi da shi," in ji Ibu tana share hawaye. "Ɗan ruwan nan ya kasa daurewa."

Ina tsaye a bayansu. Babu abin da aka sata a gidanmu wanda za ka kai ƙara wurin mai unguwa. Ba a doke shi ba, ba a hana shi abinci ba, ba a fasa kai shi asibiti ko sau ɗaya ba. Kowa zai iya rantsuwa yana son sa, kuma ba zai yi kaffara ba. Abu guda ne mara lafiyan ya ƙera wa kansa, da hannu ɗaya, don ya iya ƙetare yini, aka dube shi aka ce wasa ne, aka miƙa wa mai lafiya aka ce sana'a ce. Da ya faɗi, sai aka nemo sunan laifin aka liƙa masa: mutumin da tun yana yaro ake karɓar nasa da sunan haƙuri, shi ne yau mara haƙuri.

Washegari aka sake haɗa shi da inji, da robar iska a hanci. Koh Bing yana gadonsa, ya juya mana baya tun da ya ga Bapak. Tegar ya shigo da fara'ar wanda ya zo da tsaraba, ya karɓi wayar Mas Gandung ya danna kalmar sirrin da kansa.

"Ga kayanka, Mas, na cika alkawari. Kuma ka gode min. Damin da na bar maka ya fi naka sau dubu, irinsa manya suke riƙewa. Gwada ka gani."

Mas Gandung ya karɓa. Ya daɗe yana jan shafin katunan sama da ƙasa da babban yatsa. Sannan ya shiga wasa. Tegar ya sunkuyo yana nuna masa: sa wannan, yanzu wancan, kai hari, kar ka jira. Wuta ta tashi a gilashin, abokin karawar ya tarwatse.

"Ka gani? Ka gani, Bu? Minti uku! Da kunkurunsa da yanzu ko gaisawa ba su gama ba!"

Ibu ta yi murmushi, ta ce alhamdulillahi, ga shi 'yan'uwa sun shirya.

Mas Gandung ya ɗaga ido ya dubi agogon bango. Ko rabin awa ba a yi da kunna injin ba. Ya sauke wayar a kan bargo, ya ja robar hancin gefe don maganar ta fito.

"Na gani, Tegar. Ya yi sauri ƙwarai. To sauran yinin fa, me zan yi da shi?"